Jaririnmu Yana Cikin Kwalba, Me Za Mu Yi?

Wata baiwar Allah daga N'Djamena ta ce ta haifi bakwaini, an sa shi a kwalba a Asibitin Uwa da Yaro, ta kasa barci, tana ganin ba ta da wani amfani gare shi.

Sannu, Malama, Allah ya ba shi lafiya. Kina da amfani sosai. Jaririn da ya zo kafin mako 37 yakan kasa riƙe ɗumin jikinsa, shi ya sa ake sa shi a kwalba. Nononki kuwa babu na'urar da ke samar da shi. Ki riƙa tatsa kowane awa uku, har da dakashin farko, kada a zubar. Ta siririn bututu a hanci za a ba shi.

Ki tambayi likita yaushe za ki ɗora shi a ƙirjinki, fata da fata. An fara wannan dabara a Bogota ta Kolombiya a 1978, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ta da wuri. Maigida ma zai iya karɓarki, ki samu ki rintsa. Taron suna ya jira, a raɗa masa kawai.