Fari-Fari A Jikin Kwanuka Da Kofuna: Shawarwari Takwas Ga Uwargida

Daga bakin tashar jirgin ƙasa ta Kano zuwa lungunan Fagge da layukan Sabon Gari, gidaje da yawa ba da ruwan famfon Challawa ko na Tamburawa kaɗai suke wanke-wanke ba. 'Yan garuwa ne ke turo kura da jarkoki daga rijiyoyi da burtsatse, kuma kowace rijiya da halin ruwanta. Wani ruwan yakan kwaso sinadaran kalsiyam da maganiziyam daga ƙarƙashin ƙasa. Idan ya bushe a jikin faranti sai ya bar fari-fari, kofin gilas ya dushe, baƙo ya zaci ba a wanke ba. Ƙara sabulu da dirza da ƙarfi ba sa raba ki da wannan, sau da yawa ma ƙara shi suke yi. Ga hanyoyin da ke aiki.

1. Fara gane irin farin da kike fama da shi.
Ki matsa lemun tsami a kan ƙyalle, ki goga a gefe ɗaya na kofin, ki jira minti biyar. Idan wurin ya washe, sinadaran ruwa ne. Idan kuwa ruwan ɗumi zalla ya fitar da shi, kuma kina jin santsi a yatsa, ragowar sabulu ce. In duka biyun ba su taɓa shi ba, jikin gilashin ne ya ci, kuma wannan ba ya gyaruwa, don haka kada ki wahalar da hannunki.

2. Gwada ruwan kafin ki zargi mai wanke-wanke.
Ki sami gorar roba biyu. Ki zuba ruwan jarka a ɗaya, ruwan leda a ɗayar, ki kankare sabulun sanda daidai wa daida a kowace, ki girgiza. Ruwa mai kyau zai tashi da kumfa. Mai sinadarai zai yi fari kamar tsinkakken nono, kumfar kaɗan, da gudaji a sama. In haka ta faru, ki tambayi mai garuwarki inda yake ɗebowa. Wani lokaci sauya rijiya kaɗai ya isa. Alif da ake jefawa a ruwa yana kwantar da laka ne kawai, ba ya cire waɗannan sinadarai.

3. Tsami ne maganinsa.
Ki haɗa farin binega da ruwan ɗumi, kofi ɗaya da kofi ɗaya, ki jiƙa kofuna da farantan tangaran na minti 15 zuwa 30, sannan ki bi su da soso mai laushi ki ɗauraye. In babu binega, lemun tsami ko jiƙaƙƙiyar tsamiya da aka tace za su yi. Soson ƙarfe kuwa na gindin tukunya ne. A kan gilashi da roba da samira yana yin zane-zane, farin ya sami inda zai maƙale.

4. Rage sabulu, ƙara ɗauraya.
Omon wankin kaya ba don kwano aka yi shi ba, kuma idan bai narke sosai ba yana barin gari. Sabulun sanda ma idan ya haɗu da ruwa mai kalsiyam yana zama dusar da ke manne wa kwano. Sabulun ruwa na wanke-wanke ya fi jure irin wannan ruwa. Ki ajiye baho uku: na wanki, na ɗaurayar farko, da na ƙarshe mai tsafta da aka ɗiga wa cokali biyu na binega. Masu sayar da abinci a bakin tasha, waɗanda kwano ɗaya ke zagaya mutane da yawa a yini, su riƙa sauya ruwan ɗauraya da zarar ya fara kumfa, don a nan tsafta ta fi kyan gani muhimmanci.

5. Kada ki bar ruwa ya bushe a jikin kaya.
Ruwan yana tafiya, sinadarin yana zama. Ki kife kofuna a kwando su tsane, ki goge su da busasshen ƙyalle mai tsafta tun da sauran danshi. Lokacin hunturu ki rufe kwandon, domin ƙurar da ke sauka a kan jiƙaƙƙen faranti ita ma fari take bari.

6. Kula da cikin butar shayi da filas.
Tafasa ce ke sa sinadaran su kwanta su zama farin ƙanzo a gindin buta. Matsalar tsohuwa ce: jiragen ƙasan da suka fara shigowa Kano a 1911 da tururi suke tafiya, kuma a duk duniya ma'aikatan irin waɗannan injuna sun yi ta fama da wannan ɓawo a tukunyar jirgi, saboda yana tare zafi ya sa a ƙona makamashi da yawa. Haka yake cinye miki gas ko gawayi. Ki tafasa rabin ruwa rabin binega a butar, ki sauke ki bar shi awa ɗaya, ki zubar, ki sake tafasa ruwa zalla ki zubar kafin ki dafa shayi. Tukunyar alminiyam kada ta kwana da tsami ko da kanwa, duka biyun suna cin jikinta.

7. Idan kina da injin wankin kwanuka.
Ki duba ma'ajiyar gishirin da ke ƙasan injin, in irin mai ita ne, ki cika ta da gishirin da aka yi don injin, ba na miya ba. Ki zuba ruwan ɗauraya na musamman a gurbin da aka tanadar masa, ki ciro matatar ki wanke, ki tsokace ramukan hannayen da ke fesa ruwa da tsinke. Kada ki cusa kaya har su tare juna, kuma kada ki sa omo ko sabulun hannu. Duk wata ki kunna injin babu kaya, da kwanon binega a tsaye a jeren sama, a kan wanki mafi zafi. In wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, ki sake ɗaurayar kafin kayan su bushe. Ba a nan kaɗai ake kuka da wannan fari-farin ba: tun da jihohi da dama a Amurka suka taƙaita sinadarin fosfet a sabulun injin a 2010, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2017, gishiri da ruwan ɗauraya suka ƙara zama dole ga masu irin wannan ruwa.

8. Kada ki haɗa tsami da bilic.
Binega ko lemun tsami idan suka gamu da Jik ko Hypo suna fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, kuma a ƙaramin kicin marar taga haɗarin ya fi girma. In za ki yi amfani da ɗaya, ki ɗauraye tas kafin ki kawo ɗayan, ki kuma gargaɗi yara da 'yan aiki.

Farin da sinadaran ruwa ke bari ba guba ba ne, kuma ba shi ke nuna ko ruwan ya dace da sha ba. Ruwa kan fito garau alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Don haka ki ci gaba da tafasa na sha ko sa masa magani, na wanke-wanke kuwa ki ajiye masa lemun tsami kusa da soso.