Dajin Ƙoda: Shawarwari ga Mutanen Gida

Da an ce "ciwon ƙoda", abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne kumburin ƙafa da zaryar wankin ƙoda. Wancan gazawar ƙoda ce. Dajin ƙoda daban yake: ƙari ne ke tsirowa a jikin ƙodar, ita kuwa tana ta aikinta na tace jini kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa yakan daɗe bai nuna kansa ba, har wasu sai sun je hoton ciki don wata larura sannan a ci karo da shi.

1. Kada a raina jini a fitsari, ko da sau ɗaya aka gani. A garuruwan da ke bakin kogi ko wurin noman rani an saba da tsargiya, har jan fitsari ya daina ba kowa tsoro. Sai a ce tsargiya ce, ko zafin rana, a jiƙa wani abu a sha. To, jinin dajin ƙoda yakan zo ba zafi ba raɗaɗi, ya ɗauke da kansa, ya dawo bayan watanni. Ɗaukewarsa ba warkewa ba ce. Magidancin da ya haura arba'in ya ga haka, ya je asibiti a wannan makon. Ko tsargiyar ce ma, ita kanta in ta daɗe tana iya jawo dajin mafitsara.

2. A lura da ciwon kwiɓi na ɓangare ɗaya da ya ƙi tafiya, da ƙullutu a gefen ciki, da rama ba dalili, da zazzaɓin da aka yi ta sha masa maganin cizon sauro bai sauka ba.

3. Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa sanin cikin 'ya'yanku, don ku ke musu wanka. Akwai dajin ƙoda na yara mai suna Wilms, wanda ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 5. Yaro na wasansa, yana cin abincinsa, sai dai gefen cikinsa ya yi tauri ya tasa. Sau da yawa kaka za ta taɓa ta ce saifa ce, a kira wanzami ya yi tsaga. Don Allah a bari. Kada a tsaga, kada a yi ta matsa wurin. Wannan daji na jin magani ƙwarai: a ƙasashen da ake kai yara da wuri, kusan 9 cikin 10 suna rayuwa. Abin da ke cin yaranmu shi ne zuwa a makare, da gudu daga asibiti da zarar cikin ya saɓe bayan alluran daji na farko. Saɓewar nan share fagen tiyata ce kawai.

4. A nemi hoto. Gwajin fitsari da hoton ciki su ne matakin farko, sannan babban hoto na CT ya nuna girman ƙarin da inda ya kai. Likitan ƙoda da mafitsara mai tiyata ake nema. Akwai su a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya.

5. In likita ya ce tiyata, kada dangi su taru su hana. Nan ne ake yawan asarar lokaci: wannan ya ce ba a taɓa daji da wuƙa, wancan ya ce ya san mai magani a wani ƙauye. Alhali in dajin bai bar ƙodar ba, tiyata ce babbar hanyar warkewa. Ƙaramin ƙari akan yanke shi a bar sauran ƙodar. Babba kuwa a cire ta ɗungurungum. Ƙoda ɗaya mai lafiya ta ishi mutum ya yi noma, ya yi kasuwa, mace ta haihu. Dattijon da ƙarinsa bai kai santimita 4 ba, wani lokaci likita kan zaɓi sa masa ido da hoto a kai a kai.

6. In ya riga ya bazu zuwa huhu ko ƙashi, a san cewa alluran daji da aka saba ji ba su cika tasiri a kan na manya ba. Akan ba da ƙwayoyi masu hana ƙarin samun jijiyoyin jini, kamar sunitinib, ko magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki. Sukan rage masa gudu, amma suna da ɗan karen tsada. A tambayi likita kuɗin wata nawa ne tun kafin a sayar da gona.

7. Wanda aka cire wa ƙoda ya yi kaffa-kaffa da wadda ta rage. Ya guji diclofenac da ibuprofen na kemis, da haɗe-haɗen gargajiya na cikin gora da ba a san me aka zuba ba. Ya riƙa auna hawan jini, ya sha ruwa sosai a bazara, ya shawarci likita kafin azumi, kuma ya koma hoto duk ranar da aka ba shi ko da garau yake ji.

8. Taba sigari, ƙiba da hawan jini suna ƙara haɗarin wannan daji, kuma ya fi kama maza. Wanda wannan daji ya taɓa kama mahaifinsa ko ɗan'uwansa, ya faɗa wa likita tun a zaman farko.