Darasi na 14: Idan Na'urar Ɗumama Abinci Ta Ƙi Aiki

A wasu gidaje da shagunan sayar da abinci na garin Michika akan ga wata na'ura mai kama da ƙaramin akwati, mai ƙofar gilashi, wadda ake kira maikirowef. Da ita ake yin ɗumame cikin minti biyu ko uku, ba itace, ba gawayi, ba hayaƙi. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Percy Spencer ne ya gano hikimarta a shekarar 1945. A cikinta akwai wani ɓangare da ake kira magnetiron, wanda yake fitar da igiyoyin da ido ba ya gani. Su ne suke motsa ruwan da ke cikin abinci har ya yi zafi.

Ranar da taku ta ƙi aiki, kada ku yi gaggawar kai ta Mubi wurin mai gyara. Sau da yawa laifin ba nata ba ne. Ku fara da wuta. Ku jona fanka ko dutsen guga a soket ɗin da take, ku ga ko zai yi aiki. In ya yi, sai ku tambayi kanku: daga ina wutar take zuwa? Yawancin irin wannan na'ura suna jan wuta fiye da wat 1,000, kuma ƙaramin janareton da aka saba kunnawa don fitila da talabijin ba ya iya ɗaukar wannan nauyi. Haka nan wutar gari: an tsara ta a kan bolt 230, amma wani lokaci takan zo da rauni. A irin wannan hali fitilar ciki za ta kama, faifan gilashi ya yi ta juyawa, amma tuwo ya fito da sanyinsa. Ku jira wuta ta cika, ku sa kofin ruwa na minti ɗaya, ku taɓa. In ruwan ya yi ɗumi, na'urarku lafiya lau take. Kada dai ku kunna ta babu komai a ciki, domin hakan yana lalata magnetiron.

Sai ƙofa. An ƙera na'urar yadda ba za ta tashi ba sai ƙofa ta rufu ruf. Busasshiyar miya a bakin ƙofa ta isa ta hana ta rufuwa, tsumma mai laima kuma ya isa ya magance wannan.

Tartsatsi kuwa ya fi komai tsoratar da mutane, amma yawanci dalilinsa a fili yake: cokali da aka manta a ciki, ko kwanon ƙarfe, ko farantin tangaran mai zanen zinariya a baki. Ku kashe, ku cire. Idan ta mutu da kanta a tsakiyar aiki, ku duba ƙananan kafofin iska na gefe da baya. Ƙurar hunturu takan toshe su, na'urar ta yi zafi, ta yanke wutarta don kare kanta.

Nan iyakarku take. Duk abin da zai sa a kwance murfin jikin na'urar ba aikinku ba ne, ko da kuwa kun iya gyaran tocila da rediyo. A ciki akwai wani abu mai suna kafasita, wanda yake tara wuta ta kimanin bolt 2,000, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare fulogi daga bango. Wannan wuta tana kisa. Mai gyaran da ya ƙware yakan sauke ta tukuna kafin ya sa hannu.

Saboda haka ku zare fulogi, ku nemi ƙwararre, idan wuta ta cika amma ruwa bai yi zafi ba, ko kuka ji ƙauri, ko wata ƙara mai ƙarfi da ba ku saba ji ba. Haka kuma idan ƙofa ta tsage ko ta karkace, ko jikin na'urar ya ja ku da kuka taɓa. Ku gaya masa abin da kuka gani dalla-dalla: "Tana kamawa, faifai yana juyawa, amma ba ta ɗumamawa." In ya ce magnetiron ne ya mutu, ku nemi jin kuɗin gyara, ku kwatanta da farashin sabuwa kafin ku amince.

Aiki

1. Me ya sa ƙaramin janareto ba ya iya ɗaukar wannan na'ura?
2. Yi amfani da waɗannan kalmomi a cikin jimla: ɗumame, tartsatsi, ƙauri, ƙwararre.
3. Rubuta gajeriyar tattaunawa tsakanin wata uwargida da mai gyara, inda take bayyana masa matsalar na'urarta.