Inda Mintunanka Suka Zube

Ɗana,

Takardar sakamakon da ka bar mini ran Juma'a tana aljihun rigata, na karanta ta ya fi sau goma. Ka yi iyon mita 1,900 a tafkin Kivu cikin minti 48. Ka tuƙa keke kilomita 90 cikin awa 3 da minti 5. Gudun kilomita 21.1 ya ci maka awa 2 da minti 40. Idan aka haɗa da minti 15 da ka yi wajen sauya kaya, duka ya tashi awa 6 da minti 48. Barka dai, barka. Yaron da ya tashi a Jekadafari, wanda bai koyi iyo ba sai da ya yi gemu, ya je har Rubavu ta ƙasar Ruwanda ya gama Ironman 70.3 da ƙafafunsa, alhali ana rufe gasar a awa 8 da rabi. Ranar da hotonka ya iso, mahaifiyarka kuka ta yi, ni kuma na yi ta nuna wa mutane a majalisa har suka gaji da ni.

Yanzu ka ce kana so ka sauko ƙasa da awa 6, har kana shirin sayar da filinka na Tumfure ka sayi sabon keke. A nan ne nake so ka saurari kawunka.

Dubi takardar da kyau. Kai da kanka ka gaya mini cewa a nan gida, idan ka fita da sabuwar ƙafa, kana gama kilomita 21 cikin awa 1 da minti 55. To ina minti 45 suka shiga a Rubavu? Ba a wajen gudun suka zube ba. Tun kana kan sirdi ka zubar da su, sai dai ba ka ji zafin asarar ba sai da ka sauka. Ka fito daga ruwa ka ga mutane sun yi maka nisa, zuciya ta ɗebe ka, ka miƙe tsaye a kan feda a kowane hawa kana wuce su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo gudu, su ɗin nan suka riƙa wuce ka kana tafiya da ƙafa, hannu a ƙugu.

Na san wannan ciwon. Ina saurayi, mun taɓa tashi daga Gombe zuwa Kaltungo a kan keke, ni da wani dattijo abokin babanmu, za mu ɗaurin aure. Nawa sabon Raleigh ne, nasa kuwa tsoho mai kukan sarƙa. Na bar shi tun ba mu fita gari ba, na isa Kumo ban ko hango ƙurarsa ba. Kafin Billiri cinyoyina suka ɗaure kamar an zuba musu siminti. Ina kwance a gindin wata tsamiya ya iso, yana taka fedarsa yadda ya fara ta da asuba, goro a bakinsa. Bai yi mini dariya ba. Ya miƙo mini gorar ruwa da dabino uku, ya jira na farfaɗo, sannan ya ce, “Ɗana, keke ba ya gajiya, mai shi ne ke gajiya. Bi bayana.” Shekarun da na yi daga baya ina horar da ɗalibai gudun dogon zango, maganar nan tasa na yi ta maimaita musu ta fuskoki daban-daban.

Lissafin ba shi da wuya. Ka sassauta wa keken minti 10, ka sauka da sauran ƙarfi a cinya, gudun zai iya dawowa awa 2 da minti 10. Ka ba da 10 ka karɓi 30. Ma'aunin da zan ba ka ba ya buƙatar agogo mai tsada: a kilomita 60 na farko, idan ba za ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar gaisuwa ba tare da numfashi ya yanke maka ba, ka wuce gona da iri. A hawa ka sauke giya, ka zauna, ka bar masu wucewa su wuce. Za ku gamu a gaba. Kuma abin da ke cin ƙarfin mai keke a gudun kilomita 30 a awa, mafi yawansa iska ce. Mutumin da ya saba kwantar da ƙirji ya matse gwiwar hannu, ya sa rigar da ba ta kaɗawa, ya sami rabin abin da kake nema a sabon keke. Kai wanda kake da shi wajen mai gyara, a daidaita maka tsayin sirdi, a sa taya masu kyau, a wanke sarƙa. Filin nan ka bar wa 'ya'yanka.

Abin da ya fi damuna shi ne atisayenka. Ina ganinka a filin wasa na Pantami da yamma, kullum kamar ana kora ka. Kowace fita sai ka yi ta da iyakar ƙarfinka, don haka kullum a gajiye kake, ba ka da ranar da za ka yi sauri na gaske. Manyan 'yan gudun duniya, har da na Kenya da Habasha, kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yin sa, sauran ɗan kason ne mai zafi. Tafiyar sannu mai tsawo ita ke faɗaɗa aikin zuciya, ta ƙara ƙananan hanyoyin jini a tsoka, ta koya wa jiki ƙona kitse ya adana sukari. Sauri kan haifi nawa, ka sha jin haka a bakin kakarka. Kwana biyu a mako sun isa na zafi. Sauran ka tafi a hankali har ka ji kunyar masu kallo, kwana ɗaya kuma ka ajiye komai ka huta.

Hanyar Dadin Kowa kyauta ce Allah ya ba ka. Kusan kilomita 40 ce daga gari, zuwa da dawowa ka kusa cika tsawon gasar. Fita bayan sallar asuba da hular kwano da fitila a baya, domin manyan motoci ba sa ganin mai keke da wuri, kuma ka koyi yin faci da hannunka har ka iya cikin minti biyar. Amma ga sirrin: da ka dawo, kada ka zauna, kada ka shiga wanka. Jingine keken, zura takalmi, yi gudun minti 20. Ƙafafun za su zama kamar na aro, ƙasa ta riƙa yi maka nisa. Wannan baƙon yanayin ne ya kayar da kai a Rubavu, kuma ba ya sakin mutum sai ya saba da shi. Kowane mako sau ɗaya, kana ƙara tsawon kaɗan-kaɗan.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ke hana mahaifiyarka barci. Na ji kana cewa za ka riƙa shiga madatsar Dadin Kowa don ka saba da buɗaɗɗen ruwa. Ɗana, ban yarda ba. Ruwan kogin Gongola da aka tare a can yana da zurfi, akwai dorina a yankin, kuma ruwan da ke kwance irin wannan, mai dodon koɗi a gefe, shi ne gidan tsargiya. Tsutsarta ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Tsaya a wurin iyo na otal inda akwai mai tsaro, ko da kuɗin shiga na ciwo. A can ma za ka iya koyon abin da tafki ke buƙata: ka riƙa ɗaga ido kana duban wata alama a gaba bayan kowane 'yan bugu, domin ina kyautata zaton ka yi iyon da ya fi mita 1,900 saboda karkacewa. Nemi wanda ya iya ya tsaya a bakin ruwa ya gyara maka kwanciyar jiki da fitar da numfashi. Iyo gwaninta ne kafin ƙarfi. Sau uku a mako na minti 40 sun fi sau ɗaya na awa biyu. Idan gasa ta matso, je garin da kwana uku, ka shiga tafkin tare da sauran 'yan gasa.

Minti 15 na sauya kaya kuwa, wannan kyauta ka bayar. Shimfiɗa tabarma a tsakar gida, jera hula, takalmi da lamba, ka yi ta maimaitawa har hannu ya haddace. Minti 7 sun wadatar.

Ka ce a kan keke ruwa kawai ka sha da ayaba ɗaya. Jikin mutum ba ya ajiye sukarin da zai kai shi awa shida yana aiki. Masana abincin 'yan wasa suna cewa a irin wannan tsere a ci giram 60 zuwa 90 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa, ayaba matsakaiciya kuwa ba ta wuce giram 25 da wani abu ba. Kan keke ne teburinka, domin a guje ciki ba ya karɓa sosai. Dabino, zuma a ruwa, ɗan gishiri, duk muna da su a kasuwa. Sai dai ciki ma horo yake so: abin da za ka ci ran gasa, ci shi a hanyar Dadin Kowa tukuna, kada ka gwada baƙon abu a ranar. A Fabrairun 1982 a Hawaii, Julie Moss tana kan gaba a cikakkiyar gasar Ironman, ƙarfinta ya ƙare saura 'yan taku, ta ƙarasa da rarrafe bayan Kathleen McCartney ta wuce ta. Duniya ta yaba jarumtarta, ni ma na yaba, amma ba na so in ga ɗana a haka.

Zafinmu na Maris da Afrilu, da yakan taɓa digiri 40, ba abin gwada ƙwanji ba ne. A 2016 a Cozumel ta Meziko, zafi ya ruɗa Jonny Brownlee, ɗan Ingila mai lambobin Olamfik, yana dab da lashe tsere, sai da wansa Alistair ya riƙe shi ya kai shi layi. Idan zai kama irin wannan, zai kama kowa. Auna nauyinka kafin doguwar fita da bayanta. Kowane kilo da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta gumi. Sha gwargwado, da gishiri a ciki, domin ɗura ruwa zalla fiye da kima shi ma yana kwantar da mutum. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, rage. Ranar da ka ji zazzaɓi, ko ka tashi daga na cizon sauro, kada ka fita sam, zuciya ba ta son a haɗa mata biyu. Da azumi kuma riƙe kaɗan kawai, bayan buɗa-baki, kada ka ce za ka gina wani abu a watan. Duk wanda ya miƙo maka ƙwaya ya ce tana kashe gajiya, ka gode masa ka wuce. Tiramadol haramtacce ne a gasa tun Janairun 2024, wasu magungunan kashe ciwo kuma suna taɓa ƙoda idan jiki ya bushe. Kafin ka shiga sabon zango, je likita ya duba jininka da zuciyarka.

Na zauna na yi lissafi da fensir a bayan takardarka: iyo 42, sauyi 7, keke awa 3 da 15, gudu awa 2 da 10. Ya ba ni awa 6 da minti 14. Ba zan ruɗe ka ba, bana ba lallai ka karya shidan nan ba, amma minti 34 ba wasa ba ne, kuma jikin da ya yi wannan cikin lafiya, baɗi zai yi abin da ya fi. Makonni biyu na ƙarshe kafin gasa ka rage aiki sosai, ka yi barci, ko da zuciya na raya maka ana barinka a baya. Matarka ma tana da haƙƙi a safiyoyin nan. Zauna da ita ku tsara makon tare.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, biyo ta gidana bayan asuba. Zan bi ka a mota da jarkar ruwa da dabino har Dadin Kowa, ina bayanka da fitila a kunne. Duk inda na ga ka miƙe a kan feda zan danna ham. Kada ka manta takalman gudun, ka bar su a zaure.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata na hana ka shiga dam.

Kawunka.