Horon Makaɗan Baka a Arewacin Zamfara

Masu nazarin waƙar baka sun fi mayar da hankali ga abin da makaɗi ya faɗa, kamar yabo da zuga da zambo da habaici. Ba safai ake tsayawa a tambayi yadda aka yi bakin nan ya iya faɗar su ba. Wannan maƙala za ta duba horon da yaro ke sha kafin ya zama jagora, a ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi.

A ƙasar Italiya, inda aka ƙago wasan kwaikwayon nan da ake rerawa da waƙa, watau opera, wajen shekarar 1600, murya ake fara gyara wa ɗalibi. Akan shekara da shekaru ana koya masa numfashi da karanta kiɗa a rubuce. A Zamfara kuwa kunne ake fara gyarawa, murya ita ce ta ƙarshe.

Yaron makaɗi yakan soma ne da ɗaukar kaya. Shi ne mai rataya kotso a bi ubangida fada, shi ne mai shanya fata da ɗaure tsarkiya. Ba wanda zai zaunar da shi ya ce ga darasi. Amma kafin a yarda ya buɗe baki, ya riga ya ji gindin kowace waƙa sau da yawa, ya san taken kowane basarake, ya kuma ga yadda ake durƙusawa a yi gaisuwa.

Daga nan sai amshi, kuma a nan ne makarantar take. Wanda bai sani ba yakan ɗauka aikin 'yan amshi shi ne maimaita gindin waƙa kurum. A kiɗan fada abin ya wuce haka. Jagora yakan ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, sa'an nan su dire a kan gindi daidai da faɗuwar kiɗa. Duk wannan hannuwansu na kan kotso, hammata na matsa tsarkiya. Ɗan amshin da ya yi shekaru a haka dole ya haddace salsalar gidan sarauta, wane ya haifi wane, wa ya ci wane yaƙi, wace sarauta ke gaba da wace. Ya koyi auna magana da kiɗa, har ya zamana kalmar da ta fi ƙarfin layi kunnensa ne zai ƙi ta tun kafin harshe ya furta. Ya kuma koyi abin da ya fi waɗannan wuya, watau karanta fuskar sarki, da sanin lokacin da zambo zai yi daɗi da lokacin da zai jawo wa makaɗi kora.

Alal misali, Sa'idu Faru, wanda ya rasu a 1987, ɗan makaɗin kotso ne, kuma a bayan mahaifinsa ya yi amshi. Tun kafin ya shahara da waƙoƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, ya yi wa Sarkin Yaƙin Banga waƙa a ƙasar Ƙaura Namoda. Tsararren amshin da ake yaba wa ƙungiyarsa daga gida ya taso da shi.

Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta wajen Shinkafi, ya biyo wata hanya dabam. Kotson ta wajen dangin mahaifiyarsa na Badarawa ya zo masa, kuma da kiɗan noma ya fara kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Mai yi wa manoma kiɗa a gayya tilas ya ɗaga murya ta ratsa gona, ya kuma iya zuga ƙato har ya manta da gajiya. Mai sauraron Bakandamiya da kyau zai ji wannan ƙarfin zuga, ko da yake an yi mata ado irin na fada. Haka Kassu Zurmi, wanda ya gaji kiɗa daga mahaifinsa, ya tashi cikin 'yan tauri da mafarauta. Kalangunsa da kaushin harshensa na wannan fage ne, kuma da an kai shi zauren sarki da sun zama aibi.

Sai dai horon yana da tsadarsa. Yakan ɗaure yaro ga salon ubangidansa, har wani ya tsufa yana amshi bai taɓa ƙulla tasa waƙar ba, domin ba a cika barin ƙane ya yi jagora wansa na raye ba. Musa Ɗanƙwairo na Maradun ma sai da ya daɗe a bayan wansa Abdu Kurna.

Tun daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya rage ikon hakimai, riƙe ƙungiyar makaɗa ya yi wa fadoji da yawa nauyi. Daga baya na'urar ɗaukar sauti ta ba matashi damar shiga ɗaki shi kaɗai, ya yi jagora ya kuma yi wa kansa amshi. Irin wannan mawaƙi yana iya samun zaƙin murya, amma bai taɓa tsayawa a bayan wani yana jiran a sakar masa rabin layi ya ƙarasa ba.