Kafin Ku Raina Karatun Falsafa

Idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, kowa likitanci ko aikin lauya yake hari, ba kasafai ake waiwayar falsafa ba. Wasu iyaye ma tsoro suke ji kada ta gurɓata wa yaro aƙida. Ga shawara ga mai sha'awarta.

Ku fara sanin abin da ake koyarwa. Akwai manɗiƙi, wato gane hujja mai ƙarfi da mai rauni, sannan ilimin ɗabi'a da falsafar siyasa. Malami zai ba ku shafi biyu na rubutun masanin falsafa Aflatun, ya ce ku fito da da'awarsa da dalilansa, ku nuna inda suka yi rauni. Wanda ya saba da wannan ba a saurin ruɗarsa da surutun 'yan siyasa ko jita-jitar WhatsApp.

Fannin kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman zaure sun daɗe suna karantar da littafin Sullam na Al-Akhdari a manɗiƙi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, sai da ya ƙware a falsafa kafin ya soki masana falsafa, daga baya Ibn Rushd ya mayar masa da martani.

Game da aiki, ku haɗa falsafa da wata sana'a tun kuna jami'a: aikin jarida, koyarwa ko ilimin kwamfuta. Ku tambayi ɗaliban sashen yadda darussa suke, ku gwada karanta littafi guda kafin ku yanke shawara. Idan dogon karatu da rubutu na gundurarku, ku nemi wani fannin.