Bagaruwa, Itacen Bakin Ruwa

Malamin da ke so ya koya wa yara sanin itatuwa kada ya tsaya ga allo kaɗai. Ya ɗebe su, su tafi Kasuwar Kwastam ta Maiduguri, sa'an nan su gangara bakin kogin Ngadda. Nan za su gani da idonsu kowane itace da irin mazauninsa.

A tudu, gefen hanya, dogon yaro ya fi yawa. Shi baƙo ne, asalinsa daga Indiya, mutane suka dasa shi saboda inuwa. Ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Amma in aka bi gaɓar kogi aka nufi fadamar Jere, inda ƙasa ta zama laka, sai a riƙa cin karo da bagaruwa. Ita ko ruwa ya yi watanni kwance a gindinta ba ta mutuwa. In rani ya yi kuma, saiwarta ta bi laima can ƙasa.

A Ingila akwai wani itace da suke kira alda, shi ma bakin rafi yake zama. Halinsu ɗaya da bagaruwa wajen abu biyu. Na farko, a saiwarsu akwai waɗansu ƙananan ƙulle-ƙulle, inda ƙwayoyin halitta ke jawo taki daga iska su ba ƙasa. Na biyu, saiwarsu tana ɗaure gaɓa, ta hana ruwa zaizaye ta.

'Ya'yan bagaruwa kuwa su majema ke saye a kasuwa don jimar fata. Icenta yana da ƙarfi, gawayinta yana da kyau, shi ya sa gatari ba ya barinta.

A 1994, da kuma watan Satumba na 2024, ruwa ya ɓalle daga madatsar Alau ya shiga gari. Itace ba ya tare ambaliya irin wannan, amma gaɓar da ba ta da saiwa ita ke fara zubewa, ta tafi da gona da gida.

To, ga aikin aji. Yara su auna taki ɗari daga bakin ruwa zuwa tudu, su rubuta sunan kowane itace da suka tarar, da irin ƙasar da ke gindinsa. Su ƙidaya har da kututture. Yaron da ya ƙidaya kututture da kansa, da wuya ya girma ya sare itace bai dasa wani ba.